Maharban Amurka da suka aje bindiga suka koma ga baka

 Hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauka, samari sun fara zancen farauta a dandali. Shi ya sa a wannan wata muka ɗauko muku labarin farauta daga wata ƙasa mai nisa, wato Amurka. Kowa ya san ba a rasa bindiga ba a Amurka. Duk da haka, a can akwai maharba da suka rataye bindigarsu a ɗaki, suka ɗauki baka da kibiya irin na kakanni, suka ce da su kaɗai za su nemi nama. Mine ne ya kai su ga haka? Ku biyo mu ku ji.

WACE DABBA SUKE HARBI?

Dabbar da suka fi nema ta yi kama da barewa, amma ba irin tamu ba ce. Za mu kira ta barewar Amurka. Ta fi tamu girma ƙwarai. Babban namiji ya kan kai kilo 100, nauyin buhun gero ke nan, wani ma ya fi haka. Namiji kaɗai ke da ƙaho. Ƙahon yana da rassa kamar itace, kuma kowace shekara ya kan faɗi, sabo ya tsiro. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat. In ta firgita sai ta ɗaga wutsiyar ta zura da gudu, sauran su gani su bi ta.

A yankin arewacin ƙasar, cikin watan Nuwamba suke barbara. Mace ta kan ɗauki ciki kamar kwana 200, ta haihu cikin Mayu ko Yuni, sau da yawa tagwaye. Kunnenta yana da kaifi, amma hancinta ya fi. In iska ta kai mata warin mutum, to shi ke nan, maharbi ba zai sake ganin ta ba ranar.

MUTUMIN DA YA FITO DAGA DAJI

Tun kafin Turawa su je Amurka akwai mutane a ƙasar, kuma da baka suke farauta. Da Turawa suka zo da bindiga, sai aka yi ta kashe mutanen nan ana ƙwace ƙasarsu. A jahar Kalifoniya akwai wata ƙaramar ƙabila da ake kira Yahi. An kashe mafi yawansu, ƴan kaɗan suka ɓuya cikin duwatsu shekara da shekaru, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

A watan Agusta na 1911, mutum guda da ya rage cikinsu ya fito kusa da garin Orobil. Yunwa ta ci shi, ba shi da kowa. Al'adarsu ta hana mutum ya faɗi sunansa da bakinsa, don haka aka sa masa suna Ishi, ma'anarsa "mutum" a harshensu. Aka kai shi birnin San Faransisko, ya zauna a gidan ajiye kayan tarihi na jami'a.

Likitan da ke duba shi, sunansa Saxton Pope, ya zama abokinsa. Ishi ya koya masa sassaƙa baka, da gyaran kibiya, da bin sawu. Ya nuna masa yadda ake kiran dabba da baki har ta zo kusa. Kwana guda kafin farauta Ishi ba ya cin kifi, ba ya shan taba, don dabba tana jin warinsu daga nesa. Da asuba ya kan yi wanka a rafi, ya goge jikinsa da ganye mai ƙamshi, sa'an nan ya shiga daji.

Tarin fuka ya kashe Ishi a 1916. A 1923 likitan ya buga littafi a kan farauta da baka. Mutane da yawa suka karanta, sha'awar baka ta farfaɗo. A 1934 jahar Wiskonsin ta ware wasu kwanaki na masu baka kaɗai, ban da bindiga. Maharba 40 suka fita a wannan shekara, barewa ɗaya tak aka samu. Amma ba su fasa ba, sauran jahohi kuma suka bi baya.

BAKA IRI BIYU

A 1969 wani mutumin jahar Misuri mai suna Holless Allen ya sami takardar mallakar wani sabon baka da ya ƙago. Bakan yana da ƴan ƙafafu masu juyawa a kowane gefe. In an ja tsarkiya har ƙarshe sai nauyin ya ragu, maharbi ya riƙe ya daɗe yana auna. Ana kuma sa masa abin saiti kamar na bindiga. Masu farauta da baka da yawa suka koma gare shi.

Amma waɗanda muke zancensu sun ƙi shi. Nasu baka lanƙwasasshen itace ne da tsarkiya, ba saiti, ba ƙafafu. Wasu sayen shi suke yi. Wasu kuma su kan sare itace da kansu, su tsaga, su aje shekara guda ko fiye ya bushe, sa'an nan su sassaƙa. Ƙarfin jan bakan farauta ya kan kai kilo 20 zuwa 25. Kibiyarsu tana da gashin tsuntsu a gindi don ta tafi sak. Kan kibiyar ƙarfe ne mai faɗi, ana wasa shi har ya iya aske gashin hannu. Dokar kusan dukan jahohin ta hana sa dafi, don haka kaifi da iya auna su ne ke yin aikin.

ABIN DA BAKA KE NEMA GA MAI SHI

Na farko, kusanci. Mai bindiga yana iya kada barewa daga mita 200. Mai irin wannan baka ba ya son ya wuce mita 18, wato kamar taki 25. Kibiyarsa tana tafiyar kamar mita 50 cikin daƙiƙa guda, ƙara kuwa tana tafiyar mita 340. Ke nan ƙarar tsarkiya tana riga kibiya isa. In barewa tana nesa, sai ta ji, ta durƙusa za ta yi tsalle, kibiya ta wuce bisa bayanta.

Na biyu, koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watanni kafin a buɗe farauta mutum yana harbin damin ciyawa a bayan gida, kullum ƴan kibau kaɗan, har hannu da ido su saba. Wanda ba ya iya sa kibansa cikin wuri kamar faɗin faifai, bai isa ya shiga daji ba tukuna.

Na uku, sanin daji. Maharbi ya kan nemi hanyar da barewa ke bi daga makwanci zuwa wurin kiwo. Ya duba sawu, da kashi, da itatuwan da namiji ya goga da ƙaho. Sai ya laɓe inda iska ke busowa daga wajen dabbar zuwa wajensa. Wasu su kan hau itace, wasu su zauna ƙasa cikin sarƙaƙiya. Daga asuba zuwa hantsi mutum yana zaune cikin sanyi, ko tari ba ya yi.

Na huɗu, sanin inda za a harba. Ana jiran dabba ta ba da gefenta. Ana auna bayan kafaɗa, don kibiya ta ratsa huhu biyu. In ta shiga nan, dabba ba ta yin nisa take faɗuwa. In ta fuskanto maharbi, ko reshe ya tare, ko ta yi nisa, maharbin kirki ya kan sauke bakansa ya bar ta ta wuce. Kibiyar da ta shiga ciki ko cinya wahala ce ga dabba, hasara ce ga mai harbi.

Na biyar, bin jini. Bayan harbi ba a tashi nan da nan. Ana jira kamar rabin awa. In an ga alamar kibiya ta shiga tumbi, ana jira awoyi da yawa, don dabbar da aka kora da rauni sai ta yi ta gudu har ta ɓace. Wanda ya harba, wajibi ne a kansa ya bi sawu har ya samu.

Wanda ya zaɓi wannan hanya ya yarda da abu guda: zai yi ta dawowa gida hannu wofi. Wani ya kan yi shekara biyu ko uku bai kada ko ɗaya ba, alhali maƙwabcinsa mai bindiga yana ta kawo nama. Abin da ke riƙe shi shi ne, ranar da ya samu, ya san iyawarsa da haƙurinsa suka ba shi.

BAREWARSU TA KUSA ƘAREWA

Kada mai karatu ya zaci dajin Amurka kullum cike yake da nama. An sare dazuzzuka, an yi ta harbin barewa ana kai nama da fata kasuwa. Wajen shekara ta 1900, an ƙiyasta waɗanda suka rage ba su wuce 500.000 ba a ƙasar duka. A wasu jahohi ma sun ƙare ƙaf.

Sai hukuma ta tashi. Aka hana cinikin naman daji. Aka sa lokacin buɗe farauta da na rufewa, aka bar watannin haifuwa ba harbi. Kowane maharbi sai ya sayi takardar izini, kuma an ƙayyade masa dabba nawa zai kashe. A 1937 aka yi dokar da ta ce harajin bindiga da harsashi a zuba shi ga gyaran daji da kiyaye dabbobi. A 1972 aka haɗa da kayan baka. Yau ana ƙiyasta barewar nan ta kai miliyon 30.

Ashe doka da kiyaye ta su ne suka maido da naman. Da babu su, da mai baka bai sami abin da zai laɓe ya jira ba. Kuma tun da baka ba ya kashe dabba da yawa, jahohi da dama su kan ba masu baka kwanakin farauta fiye da na masu bindiga.

MU FA A NIJAR?

Baka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Har yau akwai garuruwa masu Sarkin Baka. Tsofaffin maharbanmu sun san kwari da tsarkiya, sun san kibiyar ƙyauro wadda maƙeri ya yi wa kai, sun san haɗa dafi da ƙwanƙwani. Sun san iska da sawu kamar yadda Ishi ya sani. Tambayi tsoho a garinku, zai faɗa maka irin naman da ke bayan gari sa'ad da yana yaro.

Ina naman nan yanzu? Farin 1973 da na 1984 sun kashe da yawa. Gonaki sun cinye daji. Gobarar daji tana cinye ciyawa da ƙananan dabbobi. Masu mota da bindiga kuma sun bi dabbobi har cikin hamada. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a dazuzzukan duniya duka, sai waɗanda ke tsare a gidajen dabbobi. Sai a 2016 aka fara maido da shi dajin ƙasar Cadi. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta ci sunanta, ƴan ɗaruruwa kaɗan suka rage a daji, wasunsu a duwatsun Ayir da Tarmit.

Amma abin da aka kiyaye yana dawowa. A 1996 raƙuman dawa na yankin Kure 49 kaɗai suka rage. Mutanen karkara da ma'aikatan gandun daji suka haɗa kai, har suka wuce 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji na jahar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955.

Mu ma muna da doka. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta ce ba mai yin farauta sai da takardar izini. Ta hana farauta bayan an rufe lokacinta. Ta hana bin dabba da mota. Ta hana farautar dare. Ta hana korar dabbobi da wuta, da sa guba a abinci ko ruwa.

Don haka, ƴan uwa, kafin ku shiga daji bana, ku je wurin ma'aikatan gandun daji ku tambayi abin da aka yarda da abin da aka hana. Kada ku sa wa daji wuta saboda zomo ko gafiya, ciyawar nan ita ce abincin bisashenku har damina. Ku bar mace mai ciki da mai ɗa. In kun ga baƙi da mota suna bin barewa, ku sanar da maigari da hukuma. Masu sauran tsofaffin maharba a garinsu, su tura yara su zauna da su, su koyi sunayen dabbobi da sawunsu tun tsofaffin suna da rai.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, ku yi shawara a kai a wurin yaƙi da jahilci. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.