A Auna Masauki Kafin A Sayi Mota

A kowace shekara akan sami malaman makaranta da akawuna a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi waɗanda suka bar aiki, suka karɓi garatuti, suka ƙudura sayen motar haya ta fari don ta riƙe iyali. Galibinsu sukan tambayi kuɗin mota da shan manta, amma kaɗan ne ke tambayar tsawonta. Wannan kuwa shi ya kamata a fara tambaya, domin motar da ba ta da wurin tsayawa ba ta kawo riba.

Fatake na dā sun san wannan. Madugu ba ya sauke ayari sai jagaba ya riga ya duba zango, ya ga ko zai ɗauki jakai da raƙuman da ke tafe. Da reluwe ya iso Ƙaura a 1929, manyan motocin gyaɗa da auduga suka samu fili a bakin tasha. Lungunan tsohon gari kuwa da ƙofofin gidaje, don mai jaki da mai doki aka gina su, har yanzu da yawansu suna nan yadda suke.

Mutanen Amurka ma suna fama da irin wannan lissafi. A can akwai wata irin mota mai ɗaki a cikinta, da gado da madafa da makewayi, wadda iyali kan shiga yawon buɗe ido, su riƙa kwana a zangunan da gwamnati ta keɓe cikin gandayen daji. Ƙananan motocin nan sukan yi ƙafa 17 zuwa 24, manyan kuwa har ƙafa 45. To, zanguna da yawa an gina su ne tun wajen 1933 zuwa 1942, zamanin da motoci ba su da girma. Saboda haka a gandun Yosemite ba a karɓar wadda ta wuce ƙafa 40, a gandun Glacier kuwa akwai hanyar kan dutse da aka hana wa duk motar da ta wuce ƙafa 21. Wanda ya sayi babba don sha'awa sai ya iske an rufe masa wuraren da ya saye ta dominsu.

Haka abin yake a wurinmu. Golf wajen ƙafa 14 ce, bas ƙirar Hiace ƙafa 15 zuwa 18, tirela da kanta kuwa ta haura ƙafa 50. Kafin mutum ya biya ko sisi, lalle ya ɗauki igiyar awo ya auna wuri uku.

Na fari, inda motar za ta kwana. Halin tsaro na shekarun nan bai bari a bar mota a waje ba. In ba ta shiga gida, sai dai a rushe katanga ko a riƙa biyan mai gadi kullum.

Na biyu, inda za ta yi lodi. A je kasuwar Shinkafi ran Alhamis, sa'ad da ta cika, a ga layin da shugabannin tasha ke ba kowace irin mota. Kada a yi awon ran da kasuwa ba ta ci.

Na uku, hanyar da za ta bi. Titin Ƙaura zuwa Zurmi daban ne da hanyoyin ƙauyukan bakin gulbin Gagare da na Bunsuru, inda rairayi ke kama mota da rani, laka kuma da damina. Doguwar mota tana wuyar juyawa, cikinta kuma yakan dafe a kan tudu. A tuna kuma kayan da aka ɗaure a but suna ƙara mata tsawo.

Wurin da ya fi ƙunci cikin ukun nan shi ke yanke girman motar da za a saya. In aka yi wasu-wasi tsakanin biyu, a ɗauki ƙaramar, gama sabon mai mota bai gama sanin hanya da direba da makaniki ba tukuna, kuma ƙaramar mota ta fi saurin samun mai saye in an so canji. Daidai ruwa daidai tsaki. Garatuti sau ɗaya ake biyansa, saboda haka malamai su gaya wa 'yan'uwansu da ke shirin ajiye aiki.