Gwarzo Ne Ko Azzalumi? Wani Darasi Daga Wasan Bidiyo

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi ɗan bayani a kan wasannin bidiyo, watau waɗanda muke kira gem. Da yawa daga cikin iyayenmu sun ɗauka babu kome a cikinsu sai harbe-harbe da tsalle-tsalle. Akwai irin waɗannan kam. Amma akwai kuma masu ɗauke da labari mai nauyi, wanda idan mutum ya kai ƙarshensa sai ya rasa gane ko tauraron da ya yi ta bi gwarzo ne ko kuwa azzalumi.

A farkon zamanin waɗannan wasanni al'amarin a fili yake. A cikin Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a 1985, Mario shi ne mutumin kirki, Bowser kuwa shi ne mugun da ya sace gimbiya. To, amma ko a wancan lokaci an taɓa juya abin. A wasan Donkey Kong na 1981 Mario ne ke ƙwato wata yarinya daga hannun goggon biri. A 1982 sai aka fito da Donkey Kong Jr., inda Mario ɗin nan ya kulle birin a keji, mai wasa kuwa shi ne ɗan birin da ke fafutukar ceton ubansa. Mutum ɗaya ne, amma da aka sauya mana wurin tsayawa sai gwarzo ya koma mugu.

Misalin da na fi son mu duba shi ne The Last of Us, wanda kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar a 2013, Neil Druckmann kuma ya rubuta labarinsa. A cikin labarin wata annoba ce ta ɓarke a duniya, wata irin funfuna mai suna Cordyceps wadda a zahiri ƙwari take kamawa, amma a nan sai ta shiga ƙwaƙwalwar mutane tana haukata su. A daren da abin ya fara, wani soja ya harbe Sarah, 'yar wani mutum mai suna Joel, ta cika a hannun ubanta. Bayan shekara 20 sai muka tarar da Joel a birnin Boston ya zama ɗan fasa-ƙwauri, zuciyarsa ta ƙeƙashe. Shi da bakinsa ya nuna cewa ya taɓa zama cikin masu tare hanya.

Ana nan sai aka damƙa masa wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Ellie, wadda cutar ba ta yi mata illa ko da an cije ta. Aikinsa shi ne ya kai ta ga wata ƙungiya da ake kira Fireflies, wadda ke fatan haɗa allurar rigakafi daga jikinta. Suka yi kusan shekara guda suna ratsa Amurka, yau yunwa gobe faɗa, har ya zamana yana kallonta tamkar 'yar cikinsa.

Da suka isa wani asibiti a birnin Salt Lake City, sai Marlene, shugabar ƙungiyar, ta shaida masa cewa ba za a sami maganin ba sai an fiɗe kan yarinyar, kuma ba za ta rayu ba. Joel bai yi wata-wata ba, ya ɗauki bindiga ya bi masu gadi ya karkashe, ya kashe likitan, ya sungumi Ellie tana sume. Ya kuma harbe Marlene don kada ta biyo sawunsu. Da yarinyar ta farka sai ya yi mata ƙarya, ya ce akwai irinta da yawa kuma likitoci sun daina neman maganin. A ƙarshe ta nemi ya rantse, ya kuwa rantse.

To, jama'a, wane suna za mu ba wannan mutum? Wanda ya ce gwarzo ne yana da hujja. Ba a tambayi Ellie ba kafin a kwantar da ita, alhali kuwa rai nata ne. Wane uba ne zai tsaya a yanka 'yarsa yana kallo? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ce azzalumi ne shi ma yana da tasa hujjar. Joel ya toshe wata hanya da mai yiwuwa ta ceci ɗimbin jama'a, kuma shi ma bai tambayi yarinyar ba. Ƙaryar da ya yi mata ita ce ta fi tona shi, domin da ya tabbata za ta goyi bayansa, da bai ɓoye mata ba. Ya cece ta ne don ita, ya kuma cece ta don kansa, saboda ba zai iya jure rashin 'ya sau biyu ba.

A nan ne wasan bidiyo ya sha bamban da littafi ko fim. Mai karatu ɗan kallo ne kurum. Mai wasa kuwa, yatsansa ne ke danna maɓallin da ke sa Joel ya yi harbi, kuma a ɗakin fiɗar nan ba a ba shi zaɓi ba, wasan ba zai ci gaba ba sai likitan ya mutu. Bayan an shafe sa'o'i masu yawa ana tafiya da Joel, sai mai wasa ya sami kansa yana nema masa uzuri, domin Hausawa sun ce so hana ganin laifi.

Masu wasan sun san haka, shi ya sa a kashi na biyu, wanda ya fito a 2020, suka kawo wata budurwa mai suna Abby, 'yar likitan nan da aka kashe. Ta nemo Joel ta kashe shi a gaban Ellie. Daga nan sai aka tilasta wa mai wasa ya riƙe Abby na tsawon lokaci, ya ga ƙawayenta da tsoronta da maraicinta. Mutane da dama sun fusata da haka. Amma ga Abby, ai Joel shi ne dodon labarin.

Abin da na fahimta shi ne, sau da yawa wanda muke kira gwarzo shi ne wanda muka ji labari daga bakinsa. Wannan ba ya nufin babu gaskiya babu ƙarya. Kisa kisa ne, ƙarya kuma ƙarya ce, ko da wanda muke so ne ya aikata. Sai dai ya kamata mu rarrabe tsakanin tausaya wa mutum da wanke shi daga laifi.

Ina kira ga iyayenmu da su lura cewa wannan wasa an yi shi ne don manya, akwai zubar da jini a cikinsa, kuma ana rubuta shekarun da suka dace a bayan kwalin kowane wasa. Mu kuma ɗalibai, duk sa'ad da aka kawo mana ƙarar wani, ko a aji ko a gida, mu tuna cewa kunne ɗaya ya ji, saura ɗayan.