Gahini: Falkaswar da Ta Fara da Masu Wa'azi

Shirinmu na yau zai kai mu gabashin Afirka, kan wani tudu da ake kira Gahini a ƙasar Ruwanda, inda a shekarun 1930 wani al'amari ya tashi a cikin ikkilisiyar Angilika, irin wanda Kiristoci ke kira falkaswa, wanda kuma har yanzu malamansu ba su gama muhawara a kansa ba.

Asalin maganar mutum biyu ne da ƙunci ya haɗa. Na farko Likita Joe Church, Bature mutumin Ingila, wanda ya zo aikin asibitin mishan a Gahini, sai ya tarar da yunwar 1928 zuwa 1929 tana kwasar mutane, ya yi ta fama har ƙarfinsa ya ƙare, zuciyarsa ta bushe. Na biyu Simeoni Nsibambi, mutumin Buganda a ƙasar Yuganda, ma'aikacin gwamnati a sashen kiwon lafiya, wanda ya daɗe yana ganin majami'u maƙil da jama'a ran Lahadi, alhali sata da maye da zuwa wurin boka suna nan yadda suke. A 1929 suka gamu a Kampala, suka duƙufa a kan Littafi Mai Tsarki suna bin ayoyin da suka ambaci Ruhu Mai Tsarki; bayan nan Nsibambi ya ajiye aikin gwamnati ya shiga wa'azi, shi kuwa Church ya koma Gahini, inda ƙanen Nsibambi, Blasio Kigozi, da wani ma'aikacin asibiti, Yosiya Kinuka, suka zama abokan aikinsa.

To, mene ne suka koyar? A zahiri babu bidi'a a cikinsa, domin aƙidar da Furotesta suka gada ce tun zamanin Martin Luther, wato ceto kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓarta ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu da mutuwarsa a kan gicciye, ba a sayenta da aiki. Abin da ya girgiza mutane shi ne waɗanda aka fuskanta da wannan wa'azi. Maimakon a nufi waɗanda ba su taɓa jin bishara ba, sai aka juyo kan mai baftisma, da malamin makaranta, da dattijon ikkilisiya, da fasto, har da Baturen mishan kansa, aka ce da kowannensu sunan Kirista da takardar baftisma ba za su amfane shi da kome ba muddin bai tuba ya sami maya haihuwa ba. Jama'a suka laƙaba musu suna Balokole, wato cetattu, da farko da ba'a, daga baya suka karɓi sunan.

A nan ne, a ganina, ƙarfin al'amarin yake, domin sun ɗauki sharaɗin tuba da nauyinsa. Nadama a zuci ba ta isa ba a wurinsu; sai mutum ya miƙe a tsakiyar zumunta ya faɗi laifinsa da bakinsa, abin da suka kira tafiya cikin haske bisa ga wasiƙar Yohanna ta fari, sa'an nan ya mayar da haƙƙi ga mai shi. Sai ka ga ma'aikacin asibiti ya dawo da bargon da ya ɓoye, manomi ya ɗauko fartanyar maƙwabci ya kai masa har ƙofar gida, mai tsohon bashi ya ƙirga kuɗi ya biya, mai laya ya jefa ta wuta a gaban mutane. Makiyaya masu asali, waɗanda al'ada ta hana su cin abinci da manoma, suka sa hannu a ƙwarya ɗaya da su, Bature kuma ya tsaya gaban baƙar fata ya nemi gafarar girman kai. Da wannan shaida ce ƙananan ƙungiyoyi suka bazu da wa'azi, daga taron wa'azi da aka yi a garin Kabale a 1935 zuwa sauran Yuganda, da Burundi, da Kenya, da Tanganyika, galibinsu mutanen da ba a naɗa su kome ba.

Shugabanni ba su ji daɗi ba, kuma ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Furta zunubi a bainar jama'a yakan tona asirin wanda ba ya wurin, ya raba aure. Wanda kuma ya saba rarraba mutane tsakanin cetacce da marar ceto yana dab da faɗawa cikin riya da ujubu, cutar da ya fito yaƙi da ita. A 1941 rikici ya kai maƙura a kwalejin horar da malaman addini ta Mukono a Yuganda, inda hukuma ta hana ɗalibai tashi addu'a da asuba da yi wa 'yan'uwansu wa'azi, suka ƙi, aka kori fiye da ashirin, cikinsu har da William Nagenda, wanda daga baya ya zama babban mai wa'azin falkaswar. Abin lura shi ne, duk da haka ba su ɓalle sun kafa ɗarikarsu ba, suka zauna a cikin ikkilisiyar har 'ya'yansu suka hau shugabancinta.

Ɗaya daga cikinsu Janani Luwum ne, malamin makaranta da ya tuba a 1948 ta wa'azin Balokole, ya zama babban bishop a 1974, ya kai wa shugaban Yuganda na lokacin, Idi Amin, kuka a kan kashe-kashen da sojojinsa ke yi, aka kashe shi a Fabrairun 1977. Bishop Festo Kivengere, shi ma ɗan falkaswar, ya tsere ta kan iyakar Ruwanda, ya rubuta littafi a kan yafe wa Amin.

Sai dai akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi. A 1994 kisan ƙare-dangi ya auka wa Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, yankin Gahini ma bai tsira ba. An sami 'yan zumunta da suka ɓoye maƙwabtansu, wasu suka mutu tare da su; amma malaman ikkilisiya da dama sun yarda cewa tarbiyyar da ta ƙware wajen binciken zunubin mutum ɗaya ta yi sakaci da zaluncin hukuma da gabar ƙabilanci, tana ganinsu siyasa ce da ba ta shafi mai bi ba, kuma a kan wannan giɓi ne ake ta gyaran karatu da taron sulhu a majami'un ƙasar tun daga lokacin.