Wa ke ɗaura atamfar Assigamé?

Mutanen Togo ba su kai miliyan 10 ba, amma wanda ya ratsa layin 'yan atamfa a Assigamé, babbar kasuwar Lome, zai ga turame jibge har rufi, mata 'yan dako na kutsawa da dila a ka. Ko da kowace mace a ƙasar za ta sauya zane kullum, kayan nan ba za su ƙare ba. To wa ke ɗaura su?

Bakin zaren yana Ghana. A da Accra ce cibiyar atamfar Holan a wannan gaɓar teku. Sai gwamnatin Nkrumah ta ƙaƙaba lasisin shigo da kaya a 1961, kuɗin waje ya yi wuya. A 1969 kuma gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, cikinsu har da Hausawa da Yarabawa masu yawa. Lome kuwa tana manne da iyaka, taku kaɗan daga garin Aflao na Ghana. Ciniki ya tsallaka.

Me ya zaunar da shi? An buɗe tashar jiragen ruwan Lome a 1968, gwamnatin Eyadema ta bar harajin kwastan da sauƙi, ta kuma yi ɗasawa da manyan 'yan kasuwa mata da ake kira Nana Benz saboda motocin Mercedes da suke hawa. A lokacin su ke ɗaukar kayan Vlisco, kamfanin atamfar Holan, a kan sari, wata ma ta riƙe zane guda ita kaɗai, sai ta hannunta.

Wannan ya bayyana shigowar kaya, bai bayyana masu saye ba. Nan sai mutum ya kasa kunne: a wasu rumfunan da Hausa da Zabarmanci ake ciniki. Baƙo daga Maradi ko Kano ya sauka wurin maigidansa a Zango, maigida ya tsaya masa, ya haɗa shi da dillali da mota. (Zangon ma gwamnati ta tashe shi daga tsakiyar gari a 1977, ta kai shi can arewa wajen Agoè. Maraba da kaya, ba lallai da masu su ba.) Mota ta bi ta Burkina ta shiga Nijar, daga nan 'yan fito su ƙarasa da kayan Najeriya.

Najeriya ce ta yi shekara da shekaru tana haramta shigo da yadi don kare masaƙunta, alhali ba ta ba su wutar lantarki tsayayyiya ba. Haramcin ya ɗaga farashi, ya mayar da fasa-ƙwauri sana'a mai riba. Lome ta samu kuɗin shiga, direbobi da 'yan dako da masu fitar da kaya daga tasha suka samu abin yi. Da atamfar China mai araha ta kwararo, hanyar nan ta bi har Kantin Kwari a Kano. A Kaduna kuwa, masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida.