Barewar Soron Alhaji

Ina ɗan shekara tara ko goma aka kawo barewa unguwarmu. A Sheshe, inda lungu ke matsewa har sai mai kura ya raɓe mai keke ya wuce, dabbar da muka sani ba ta wuce akuya da tunkiya da jakin masu yashi ba. Sai ga wani maƙwabcinmu, attajiri mai fataucin fata da ƙirgi zuwa Damagaram, ya dawo daga tafiya da wata 'yar halitta a cikin kwando, an shimfiɗa mata buhu. Ƙafafunta kamar sillen kara, kunnuwa sun fi ƙarfin kan, idanu kuwa baƙi wuluk kamar an ɗiga mata kwalli. Kafin la'asar soron Alhaji ya cika maƙil da yara.

Da nonon akuya aka raine ta, a kwalbar jarirai. Aka ɗaura mata jan zare a wuya, uwargidan ta ƙara da 'yar laya saboda baki. Har ta girma muna cewa "ita", alhali namiji ne. Haka sunan ya zo a harshenmu, ko ƙaho ya kai kamu ɗaya barewa dai ake cewa, a kuma ce ta gudu.

Barewar da Bahaushe ya sani ita ce ta sahel, mai jan goshi, wadda ake samu tun daga Senegal har zuwa Sudan. Jikinta ja-ja ne mai hasken ƙasa, cikinta fari fat, tsakaninsu kuma wani siririn baƙin layi ya bi haƙarƙari kamar an ja shi da alƙalami. Ba ta da wani girma, babba ba ta cika wuce kilo 30 ba. Mace da namiji duk suna da ƙaho, sai dai na namijin ya fi kauri, ga zobba-zobba, ga lanƙwasa. A nan ta sha bamban da dabbar ƙasashen sanyi da masu fassara ke ara wa sunanta, mai ƙaho kamar reshen bishiya wanda ke faɗuwa duk shekara wani ya tsiro. Wannan babu ita a dazukan kudu da Sahara. Tamu ƙahonta na har abada ne, in ya karye ya karye ke nan. Da damina ciyawa take ci, da rani ta koma ganyen ƙaya da 'ya'yan bagaruwa da na gawo da aduwa, kuma tana iya daɗewa ba ta je rafi ba, danshin ganye da raɓar asuba sun rage mata ƙishi.

Kowa ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, ɗan kan miƙe ya kama nono tun jikinsa bai gama bushewa ba. Amma akwai abin da karin maganar ta tsallake. Bayan cikin wata shida, uwar ta haifi ɗa guda, makonnin farko ɗan ba gudu yake yi ba, kwanciya yake. Uwar kan ɓoye shi cikin ciyawa ko gindin sabara, ya lafe da ƙasa ko kunne ba ya motsawa, ita kuma ta yi nesa tana kiwo don kada dila ko kura su bi ta su gano shi. Sai ta waiwayo jefi-jefi ta shayar da shi. Makiyayi ko mai itace in ya ci karo da shi sai ya ce ya tsinci maraya, ya saɓa a kafaɗa, alhali uwar tana can bayan wata ƙaya tana kallo. Yawancin barewar da ake gani a gidajen masu hali ta wannan hanya ta shigo gari. Ina kyautata zaton tamu ma haka ne, domin abin da Alhaji ya ce shi ne wani yaro Bafillatani ya sayar masa a bakin hanya.

Abin da ya sa wannan ke yi mini nauyi shi ne labarin da muka taso muna ji daga bakin masu bege a daren Mauludi: barewar da wani mafarauci ya ɗaure, ta roƙi Manzon Allah (SAW) ya sa a sake ta ta je ta shayar da 'ya'yanta, da alƙawarin za ta dawo, ta kuwa dawo. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancin ruwayar, wannan fagensu ne. Ni dai abin da na lura, mutanen da ke hawaye in an zo wurin 'ya'yan da ke jiran nono, su ne washegari ke miƙa wa barewar soron Alhaji ƙosai, ba wanda ya tambayi ina uwarta.

Mun ba ta duk abin da muke ci. Ƙosai, ɓawon rake, ƙanzon tuwo, alawa, har goro wani tsoho ya taɓa gutsura mata. Ranar hawan Sallah mai hoto ya zo da kyamararsa a wuya, aka jera mu da sababbin kaya, ya ce kowa ya zuba gero a tafin hannu don ta matso. Ta matso kuwa. Hoton yana nan a wurina, ya yi ja saboda daɗewa: ni da hula ta fi kaina, hannuna a miƙe, ita kuma ta sunkuyar da wuya, jan zaren ya fito sosai. Kowa ya gani sai ya ce kai, ta yi kyau. Ni kuwa yanzu in na duba, akuya nake gani mai siraran ƙafafu.

Sabo turken wawa, in ji mutanen da. Da ƙahonta ya yi ƙwari sai hali ya sauya. Namijin da aka raina a hannu ba ya ɗaukar mutum abin tsoro, abokin karo yake ɗaukarsa. Wata rana ta tunkuyi wata 'yar talla a cinya har ta yi jini, faranti ya kife. Daga ranar aka kafa mata turke a bayan ɗaki, kusa da ragon layya. Ajalinta ya zo lokacin bikin 'yar gidan. An jiƙa gero a babbar roba za a kai markaɗe, ta tsinke igiya cikin dare ta ci iya cinta. Da safe aka tarar cikinta ya kumbura kamar ganga, tana nishi, ta kasa tashi. Alhaji ya aika aka kira mahauci tun ba ta zama mushe ba. Ina tsaye aka farke tumbin. Gero ne ya yi tsami yana kumfa, sannan mahaucin ya sa hannu ya zaro wani dunƙulen baƙar leda da ta murɗe kamar gammo. Ya ɗaga wa Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ba geron nan ba, wannan ba za ta bar ta ta kai baɗi ba."

Duk mai kiwon rago ya san wannan ciwo. Tumbin dabba mai tuƙa cike yake da ƙananan halittu da suka saba da ganye. In aka antaya musu hatsi farat ɗaya sai ya ruɓe ya yi tsami, tsamin ya ƙone tumbin ya shiga jini. Rago ma da ya saba da dusa yana mutuwa a haka, balle dabbar da kakanninta ba su taɓa ganin rumbu ba. Shi ya sa a ƙasashen da irin waɗannan namun daji ke yawo kusa da gidaje aka kafa doka a kan ciyar da su, kuma dokar ta shafi har masu ɗaukar hoto. A gandun dajin ƙasa na Amurka laifi ne ka ba naman daji abinci. Jihohi da dama a can sun hana zuba masara ko ajiye gishiri don jawo su, saboda wata cuta mai cin ƙwaƙwalwa da aka fara lura da ita a Kolorado a 1967, wadda ke bin miyau da fitsari. In dabbobi ashirin suka lashi dutsen gishiri ɗaya, mai ciwo guda ya ishe su. A filin Richmond na Landan ana gargaɗin mutane su tsaya nesa da mita 50 daga dabbobin nan masu ƙaho kamar reshen bishiya. A birnin Nara na Japan kuwa, inda irinsu sama da dubu ke yawo cikin jama'a don ana girmama su tun zamanin da, an yarda ka ba su, amma wani biskit na musamman kaɗai da ake yi da dusar shinkafa. Duk da haka a 2019 an buɗe cikin waɗanda suka mutu aka tarar da leda, wata har fiye da kilo 4. Da na ji wannan sai na tuna mahaucin Sheshe.

Mu dokokinmu sun fi kula da bindiga da tarko: akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai ta tarayya ta 1985 da ta taƙaita farauta da cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. Batun ciyarwa sai dai gargaɗin ma'aikata a gidan zu, irin wanda Audu Bako ya gina mana a farkon shekarun 1970, inda ranar yawon Sallah yara ke cusa biskit ta ragar waya, kowa da wayarsa a ɗaya hannun. Wanda yake son ganin inda wannan hanya ke ɓullewa ya je Yankari, sansanin Wikki. Biran can sun gane ma'anar leda a hannun mutum, suna fizge ta ido na ganin ido, in ka bar taga a buɗe su shiga ɗaki. Ba haka aka halicce su ba, baƙi ne suka koya musu da ayaba, don a samu hoto.

Akwai kuma haɗarin da bai kai biri hayaniya ba. Wurin da aka saba zuba abinci ko kanwa ba mai kyamara kaɗai ke gane shi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dabbar da ta koyi cewa warin mutum yana zuwa da gero, ranar da mai bindiga ya zo ba za ta bambance ba. Ga barewar nan dama ta yi ƙaranci, masu ƙididdigar namun daji na duniya sun sa ta cikin waɗanda ke fuskantar barazana, gonaki da garken awaki sun cinye mata wurin kiwo. Kuma in ta haɗa kwano da dabbar gida sai ta haɗa da cutarta. Ciwon bushiya da ya ɓarke a farkon shekarun 1980 bai tsaya kan shanun Fulani ba, har namun daji ya kwasa.

Abin mamaki, dabarar kusantar barewa ba tare da cin hanci ba tana wurin mutanen da suka fi kowa kashe ta. Na taɓa zama da wani tsohon maharbi a wani ƙauye ta wajen Tudun Wada, a gefen dajin Falgore. Ya shiga ɗaki ya fito da kan burtu, na itace da aka lulluɓe da fata, bakin tsuntsun na gaske, da maɗaurin da ake zagaya goshi da shi. Ya ɗaura, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa a tsakar gida. Tsoho mai furfura, sai ga shi yana tafiya da gwiwa yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar mai tsintar fara, ya tsaya, ya karkata, ya ƙara taku biyu. Jikokinsa na ta dariya, ni kuwa tsigar jikina ta tashi. Namun daji sun saba kiwo tare da burtu, ba sa gudunsa.

Na ce, "Baba, to in ta ji warinka fa?"

Ya debi ƙura da yatsu uku ya sake ta, muka ga inda ta nufa. Ya ce, "Yaro, iska ake fara tambaya. In tana busowa daga gare ta zuwa gare ka, bismilla. In ta juya, koma gida ka sha fura." Ya ce sassafe ake fita ko gab da magariba, a zauna kusa da gawon da ke zubar da 'ya'ya tun kafin ta iso, kada a sa farin kaya, kada a yi turare, kada a dube ta ido cikin ido. Da na nuna masa kyamarata mai zuƙo nesa, ya leƙa, ya ga akuyar maƙwabci kamar zai taɓa ta, ya yi shiru. Can ya ce da yana da wannan a zamaninsa da gwiwoyinsa ba su mutu ba. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin barewa a dajin. Ya fara lissafi da sarakuna, ya bari.

Ba don ƙiba ko daɗin nama Bahaushe ya ɗaukaka wannan dabba ba, don zafin nama ne da wuyar kamu. In ta firgita takan yi wani tsalle da ƙafafu huɗu a sanƙare, ta tashi sama ta dira ta sake tashi, kamar tana gaya wa mai binta kada ya wahalar da kansa. Makarantar da aka kafa a Katsina a 1921, wadda ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna, da ta zauna a Zariya sunan barewa ta ɗauka a 1971. Ba mai turke suke nufi ba.

Kwana biyu na yi a ƙauyen maharbin, muka fita da asuba sau biyu, da ɗan tsohon a gaba. Mun ga sawun gada a bakin wani kwazazzabo, da kashin zomo, da shanu masu yawa. A rana ta biyu wani abu ja ya gilma can nesa tsakanin itatuwa, na danna kyamara ba tare da na saita ba. Abin da ya fito ciyawa ce da wani ɗigon fari a gefe. Ɗan tsohon ya duba ya ce mazo ne, ni na ce barewa ce, muka yi ta musu har gida.

Ƙahonnin ta soron Alhaji kuwa, uwargidan ta aika wa wani mai magani a Kasuwar Kurmi, ya cusa musu abin da ya cusa, ya rufe bakin da jar fata. Ɗaya an rataya shi a saman ƙofar soron. Gidan ya sauya hannu, an rushe soron an yi shaguna, wanda ke daidai inda turkenta yake yanzu cajin waya ake yi a ciki.