'YAN AGAJI MA SUNA BUKATAR AGAJI

Ran 26 ga Yuli, 2009, rikicin Boko Haram ya ɓarke a Dutsen Tanshi cikin garin Bauci. Ran 29 ga Mayu, 2011, bam ya tashi a kasuwar Barikin Shadawanka, sa'an nan ran 22 ga Disamba, 2014, wani ya tashi a Babbar Kasuwa. A irin waɗannan ranaku, sa'ad da jama'a ke gudun ceton rai, akwai waɗanda ke nufar wurin, watau 'yan kwana-kwana, da 'yan sanda, da 'yan Red Cross, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Su ne masu kwasar gawawwaki da waɗanda suka jikkata. In ƙura ta lafa akan yaba musu, kowa ya koma gida, ba mai sake tambayar lafiyarsu.

Amma likitoci sun tabbatar cewa irin wannan aiki yakan bar tabo a zuciya. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon firgita na bayan masifa cikin jerin cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Alamunsa su ne mugun mafarki, da rashin barci, da razana in an buga ƙofa, da saurin fushi da iyali, da ƙin bi ta wurin da abin ya auku.

A makonnin farko mutane da yawa sukan ji wani abu daga cikin waɗannan, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne. Sai in alamun sun wuce wata guda, suna kuma hana mutum harkokinsa, sa'an nan likita zai kira shi ciwo. Masana sun lura hanya huɗu ce abin yake bi. Yawancin ma'aikata sukan jure, su ci gaba da aikinsu lafiya. Waɗansu sukan sha wuya da fari, daga baya su warware. Waɗansu abin yakan zaunar musu shekara da shekaru. Kashi na huɗu kuwa su ne waɗanda ake gani garau, sai bayan wata shida ko fiye ciwon ya bayyana sosai.

Abin da ya faru a Niyok ya isa misali. Cikin waɗanda suka yi aikin ceto bayan harin 11 ga Satumba, 2001, an sami kimanin 12 cikin 100 da alamun ciwon bayan shekara biyu zuwa uku. Da aka sake auna su bayan shekara biyar zuwa shida, sai adadin ya kusa 20 cikin 100. Bugu da ƙari, an ga 'yan sa kai waɗanda ba su da horo sun fi 'yan sanda kamuwa nesa ba kusa ba.

A ƙasar Hausa, inda ake ganin namiji ba ya kuka, ɗan agaji yakan ɓoye abin da ke damunsa don kada a ce ya yi raki. Iyali kuma sukan ɗauka iska ce ko sammu. Alhali ciwo ne mai magani, galibi ta hanyar zama da likita ana tattaunawa, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa.

Saboda haka ya kamata Hukumar Agajin Gaggawa ta Jihar Bauci da shugabannin ƙungiyoyin agaji su riƙa ajiye sunayen duk waɗanda suka fita aikin ceto, a duba su bayan wata guda, a sake bayan wata shida, a kuma sake bayan shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.