Matsalolin Sauya Uwar-Allo a Kwamfutar Tebur Haɗin Kamfani

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar tebur iri biyu ce. Akwai wadda mai ita ke sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa, akwai kuma wadda kamfani irin su Dell ko HP ko Lenovo ke fitarwa a haɗe. Nau'i na biyu ne ya fi yawa a ofisoshin Nijeriya, musamman kwance da ake shigowa da shi ta Legas. Wannan muƙala za ta nuna abin da ya sa sauya uwar-allo a irin wannan na'ura yake kusan daidai da haɗa sabuwa. Uwar-allo shi ne babban faifan da ƙwaƙwalwar na'ura da ma'adanarta da sauran sassa ke zama a kansa.

Batun ya ƙara muhimmanci ne tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 ba ya amincewa da akasarin ƙwaƙwalen Intel da suka gabaci zubi na 8.

2.0 Akwati da Wuta

A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fito da ma'aunin ATX, mai tsawon milimita 305 da faɗin 244, daga baya aka sami ƙaraminsa, microATX, mai 244 ta kowane gefe. Ma'aunin ya ƙayyade inda ramukan sukuru za su kasance da yadda wayar wuta za ta shiga. Allunan kasuwa suna bin sa, amma manyan kamfanoni ba kullum suke bi ba. Sau da yawa allonsu yakan zo da wata siffa dabam, har ma kafofin USB na gaba su kasance a jikin allon kansa. In aka kawo na kasuwa, sai ramuka su saɓa, wayar maɓallin kunnawa kuma ta rasa mashiga.

Sha'anin wuta ya fi wannan haɗari. Allon kasuwa yana karɓar wuta ta kan waya mai allurai 24, amma na'urorin ofis da dama suna amfani da mai 6 ko 8 da ke ba da bolt 12 kawai. Wannan ma da sauƙi, domin ido yana ganin bambancin. Wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 kuwa kan wayarsu kamar na ATX yake sak, sai dai jerin wayoyin ciki ya bambanta, ta yadda haɗa shi da allon kasuwa kan ƙona allon.

3.0 Ƙwaƙwalwa da Ma'adana

Kowane allo yana da gurbin da aka yi wa wasu ƙwaƙwale kaɗai. Kamannin gurbi ma ba hujja ba ne: zubi na 7 da na 8 na Intel duka a gurbin LGA 1151 suke zama, amma allon ɗaya ba ya tayar da ɗayan. Domin haka mai neman Windows 11 sai ya sayi allo da ƙwaƙwalwa tare. Haka ma'adanar wucin-gadi, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM: DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, ita ma DDR4 ba ta shiga na DDR5.

4.0 Lasisi

Tun daga Windows 8 a 2012, lambar lasisin kwamfuta haɗin kamfani a cikin allon ake dasa ta. Idan allon ya tafi, a bisa ƙa'ida lasisin ya bi shi, sai a sayi wani. Sa'an nan in an kulle faifan ajiya da BitLocker, ba zai buɗe a sabon allo ba sai da lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda ya wajaba a kwafe ta kafin a kwance sukuru ko ɗaya.